Rigimar Almakashi

Sista ba ta shiga ajin nan don ta zama marubuciya ba, kuma duk wanda ya tsokane ta da haka sai ta harare shi ta saman tabarau. Ma'aikaciyar jinya ce da ta ƙarar da ƙarfinta a ɗakin marasa lafiya har sunanta ya ɓace, kowa Sista, Sista, har jikokinta. Ta yi ritaya, gwiwa ta fara yi mata gardama, ba ta neman suna, ba ta neman aiki. Abu ɗaya ne ya sa ta hawa matakalar ɗakin karatu na unguwa, inda ake koyar da rubutun labari ranar Asabar da hantsi: mijinta ne ya ɓace mata.

Ba rasuwarsa nake nufi ba. Wannan ta riga ta faru, an yi kuka, an share hawaye, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Kafinta ne, ya yi doguwar jinya a gida, kuma ita ta yi jinyarsa da hannunta, don ta rantse ba wanda zai juya mata miji tana raye. To, bayan ya tafi, duk lokacin da ta rufe ido don ta gan shi, mara lafiya take gani. Ta ga ƙashin wuya a waje, ta ga busasshen leɓe, ta ga hannun da ta sha wahalar nemo wa jijiya. Mutumin da ta aura, mai faɗin kafaɗa, mai surutun da maƙwabta ke ji ta katanga, ya ƙi zuwa sam. Hotuna na nan a bango, amma hoto bai taɓa cewa komai ba. In ta matsa wa kanta sai ta tuna muryarsa, wannan 'yar siririyar ta ƙarshe ce ke zuwa, mai cewa a ba shi ruwa. Kewarsa take yi, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta da wanda za ta yi kewar sai majinyaci.

Autarta ce ta gano sanarwar ajin.

"Mama, ki je ki rubuta shi mana. An ce in mutum ya rubuta abu, yana dawo masa."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Mutanen nan naki na cikin waya," in ji Sista. Amma da Asabar ta zo, sai ga ta ta wanke takalmi, ta sayi littafin rubutu da biro biyu, don ba ta yarda da biro ɗaya ba tun tana aiki.

Ajin ɗaki ne mai dogon tebur da kujerun roba, da fanka mai ƙara kamar tana neman ceto. Malamar yarinya ce, da ƙyar in ta kai Auta, siririya mai saurin magana, kullum hannunta da baƙin tawadar maka, wato biron rubutu a allo. Ɗaliban ba su da yawa: 'yan mata biyu da suka zo rubuta soyayya, wani saurayi da ba ya cire abin jin waƙa daga wuyansa, sai wani mai aski, dattijo mai baki, wanda ya ce labaran da ya ji a shagonsa sun yi masa yawa a ciki, in bai zubar ba zai fashe.

Ranar farko Malama ta rubuta abubuwa biyar a allo: ido, kunne, hanci, harshe, fata. Ta ce da waɗannan mai karatu ke shiga labari, ba shi da wata ƙofa. Ta ce kada a gaya mata mutum ya gaji, a nuna mata yadda ya zauna. Sista ta rubuta duka, ta ja layi a ƙarƙashi. Cikin ranta ta ce in dai lura da mutum ne, ai ta gama makarantar nan tun ba a haifi yarinyar ba. Aikin gida kuwa, shafi ɗaya a kan mutumin da ka sani sosai.

Ta yi shi a zama ɗaya, ko gogewa babu. Da Asabar ta zagayo aka zo kanta, ta gyara tabarau ta karanta:

"Namiji, dattijo. Ya tashi da ɗan zazzaɓi. Ya sha shayi rabin kofi, bai amayar ba. Fata a bushe, ƙafa ta ɗan kumbura. An juya shi gefen hagu. Numfashi daidai. Bai yi ƙorafi ba."

Haka ta tafi har ƙasan shafi. Da ta ɗago, mai aski ya gyara zama.

"To Sista, an sallame shi ne, ko mu je dubiya?"

'Yan matan suka tuntsire da dariya.

"Mijina ne," in ji Sista. "Ya rasu."

Kai, da ƙasa za ta tsage a lokacin, da mai aski ya shige da kujerarsa. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa, yana ta Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri, ki yafe ni. Sista ta ɗaga masa hannu. Ba shi ya ba ta haushi ba. Tana cikin karantawa ta ji abin da ta rubuta da kunnenta, ta gane shi sarai: rahoton da take bari a kan tebur ne in za ta miƙa aiki ga ta safe. Shekara da shekaru hannunta ya saba, ka ba shi biro ka nuna masa mutum, abin da zai rubuta ke nan.

Malama ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mata ta'aziyya mai tsawo ba, abin da ya sa Sista ta ɗan ga girmanta.

"Mama, kina da ido, wannan ba gardama. Amma bari in tambaye ki abin da zan tambayi kowa yau. Duk wanda ke cikin labari, akwai abin da yake so. Shi me yake so?"

"Ruwa. A ɗaga masa filo. A buɗe taga."

"Kafin ciwon fa?"

Sista ta dubi takardar da ke gabanta. Ta zauna da mutum tun tana budurwa har ta yi furfura, yarinya ta yi mata tambaya ɗaya ta rasa amsa. Kunya ta kama ta, baƙin ciki ya biyo baya, ta sunkuyar da kai tana gyara murfin biro.

Mako na gaba ta ce to, tunda ba a son ciwo, bari ta cire ciwon. Ta rubuta cewa mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai riƙon amana, mai son iyalinsa, bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ta cika shafi biyu da irin wannan, ta karanta a aji. Malama ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce a hankali:

"Mama, na yarda duk gaskiya ne. Amma in na fita titi yanzu in neme shi da wannan takardar, ta yaya zan gane shi?"

Mai aski, wanda tun abin da ya faru yake zama kamar an ɗinke masa baki, ya kasa jurewa.

"Gaskiya Sista, duk wanda na taɓa yi wa aski ya rasu, haka aka ce a kansa. Har wani da ya taɓa marina."

Sista ta rufe littafinta da ƙarfi. A hanya ta yi ta faɗa ita kaɗai. Yarinyar da ba ta taɓa binne kowa ba za ta koya mata mijinta? Na farko ba a so, na biyu ba a so, to me ake so, ta haƙo shi? Ta gaya wa Auta a waya cewa ta gama da ajin nan, ɓata takalmi ne kawai.

Duk da haka, washegari da rana ta ɗauki makulli ta buɗe shagonsa da ke bayan gida, wanda ba a taɓa ba tun da ya kwanta. Tunda an ce hanci da fata, bari ta gwada. Zarto na rataye a ƙusarsa, guduma a kan benci, gwangwanin gam ya bushe ya tsage, wata kujera mai ƙafa uku na jiran ta huɗu. Ta shafa bencin, ta shaƙi ƙamshin katako, ta tsaya tana jira kamar mai jiran mota. Abin da ya zo mata kawai shi ne, wannan garin katakon da ya yi ta shaƙa ba ƙyalle a hanci, dole ya taɓa huhu. Ta ja tsaki, ta ja ƙofar, ta zauna a bakin shagon ta yi kuka mai isarta. Ko a nan ma Sista ce ta shigo, ba matarsa ba.

Asabar ta zo, ta ce ba za ta ba. Ta share ɗaki, ta sake sharewa. Can sai ta ga ai ta riga ta sa takalmi, kuma zaman gidan ya fi ajin ciwo, ta tafi.

Ranar Malama ta rubuta kalma ɗaya a allo: saɓani.

"Labari ba ya motsi," in ji ta, "sai mutum biyu sun so abu biyu a ɗaki ɗaya. In kowa ya yarda da kowa, mai karatu barci zai yi. Kuma mutum ba ya fitowa fili sai an taka shi. Aikin wannan makon, ku rubuto min faɗa. Mutum biyu, magana zalla, ba bayani. Ina so in gane wanda ke magana ko ba a faɗa min ba."

Sista ta ɗaga hannu kamar 'yar firamare.

"Ni ban taɓa faɗa da mijina ba."

Mai aski ya yi tari, ya dubi fanka.

"Kuma ko da mun yi," ta ƙara, tana harararsa, "ba zan tashi bawan Allah daga inda yake kwance in ja shi rigima ba."

"To ki bar shi ya huta, Mama," in ji Malama. "Ki ƙirƙiro wasu. Wata mata da wani mutum, ba ki san su ba, ba su san ki ba. Ai ƙirƙira muka zo koyo."

Wannan ya yi wa Sista daidai. Mutanen ƙarya ba su da haƙƙi a kanta.

Ranar Talata da safe ta ɗora shinkafa, ta zauna a teburin kicin, ta buɗe sabon shafi. Wata mata, wani mutum. Me zai haɗa su? Ta ciji biro, ta dubi rufi, ta dubi tukunya. Sai ta rubuta abin da ya fara zuwa bakin matar, don dai a fara:

"Wa ya taɓa min almakashi?"

Kafin ta yi tunanin me mutumin zai ce, hannunta ya riga ya rubuta:

"Ranki ya daɗe likita, wane almakashi kuma?"

Sista ta ajiye biron. Ba wanda ya taɓa kiran ta likita da wannan rainin hankalin sai mutum ɗaya a duniya, kuma ta ji shi, da kunnenta ta ji shi, da katuwar muryar nan mai dariya a ƙasanta, daga wajen ƙofar kicin inda yake tsayawa yana karkaɗe garin katako a kan tabarmar da ta share.

Ga yadda abin yake. Tana da almakashin aiki, na yanka bandeji, mai lanƙwasa da dakusasshen baki don kada ya soki mara lafiya. A aljihun rigar aikinta yake kwana. Shi kuwa bawan Allah, da shago cike da kayan yanka, ba abin da ya yi masa daɗin yanka sanfefa, takardar nan mai yashi da ake goge katako, sai wannan almakashin. Ta ɓoye a jaka, ya gano. Ta ɓoye a cikin gwangwanin shayi, ya gano. Sai ta je asibiti za ta yanka bandeji a gaban likita, almakashi ya tauna ya ƙi yanka. Rigimar nan sun yi ta tun suna ɗaki ɗaya na haya har suka aurar da 'ya'ya, kuma a duk tsawon jinya da bayanta ko sau ɗaya ba ta faɗo mata a rai ba.

Ta ɗauki biron da sauri, kada ya tafi.

"Kada ka raina min hankali. Ga yashi nan a bakinsa."

"Yashi kuma? To ko asibitin naku ne ba a sharewa?"

"Kana da zarto, kana da wuƙa, kana da reza."

"Duk ba su da ladabi irin nasa. Wannan almakashin ya yi makaranta."

"Jiya a gaban babban likita ya kunyata ni."

"Ai wasa miki shi nake yi. Tambayi kowa, sanfefa wasa almakashi take. Aikin da ake biya a kasuwa nake miki kyauta, ko sannu babu."

"Wasawa? Ko zare ba ya yankawa."

"To zaren ne ba shi da kyau. Kawo in gani."

"Kada ka taɓa."

"Kin gani ko? A hana mutum gyara, a ce ya ɓata."

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ta manta tana da ita, har da buga tebur. Sai hawaye suka biyo, ta bar su suna zuba tana rubutu, tana kare takardar da hannun hagu. Da muryar ta zo, sauran duk suka biyo ta: fensirin da ke maƙale a bayan kunnensa har wurin cin abinci, babban yatsansa mai baƙin farce, yadda yake ɗaga gira ɗaya in ya san shi ne da laifi. Ba ta kira su ba, da kansu suka shigo. Ƙaurin shinkafa ne ya tashe ta, ta sauke tukunyar ta dawo ta ci gaba, ranar burodi ta ci.

Sauran kwanakin makon, da ta gama aikin safe sai ta zauna ta ce masa, ya ce mata. Daga almakashi suka koma kan kujerun mutane da yake tarawa a baranda, daga nan suka koma kan ƙanwarsa, suka sake dawowa kan almakashi. Auta ta kira ta ji muryarta, ta ce, "Mama, baƙi kika yi ne?" Sista ta ce, "Ke dai bari, wani mai taurin kai ne ya hana ni sakat."

Abu ɗaya ne ya gagara. Malama ta ce kowane faɗa a kawo shi da ƙarshensa. Sista ta san ƙarshen sarai, don ba sau ɗaya aka yi shi ba. Kullum ita ke yin maganar ƙarshe. Sai ta ɗauko wata mai nauyi ta sauke masa, shi kuma ya ɗaga hannu biyu ya ce an ci shi, ya juya ya tafi shago, kicin ya yi tsit. A da tana jin daɗin wannan shirun, nasara ce. Ranar Juma'a ta gwada rubuta shi. Tana kaiwa inda zai juya, sai ta ji muryar ta fara janyewa, ta hango gadon nan da filo da kofin ruwa suna matsowa. Ta soke layin da ƙarfi har biro ya huda takarda.

Ranar Asabar ta karanta a aji. Ba ta taɓa sanin tana iya kwaikwayon murya ba sai ranar. 'Yan matan suka riƙe ciki, saurayin nan ya cire abin jin waƙarsa ya ajiye a tebur, mai aski kuwa har da share ido.

"Wallahi na san mutumin nan," in ji shi. "Ban taɓa ganinsa ba, amma na san shi. Irinsu ne ke zuwa aski su koya maka riƙon reza."

Sista ta karanta har inda mutumin ke cewa, "To tsaya ki ji, likita, bari in gaya miki asalin yadda aka yi," ta tsaya nan, ta rufe littafi.

Malama tana murmushi har kunne. Ba ta tambayi ko su wane ne mutanen ƙaryar ba, yarinyar tana da hankali.

"Mama, yau kin rubuta labari. Ga mutum nan tsaye, ina jin numfashinsa. Saura abu ɗaya, kin tsaya a tsakiya. Darasinmu na yau ma ke nan, ƙarshe. Dole wani ya ci, ko wani ya sauka, ko wani abu ya canza. In ba ƙarshe, mai karatu zai ji an yaudare shi. Layi biyu ko uku ya isa. Me matar ta ce masa?"

"Ta san abin da za ta ce."

"To ki rubuta."

"A'a."

Duk ajin suka juyo suna kallon Sista.

"Malama, ki ba ni sifili a wannan, ban damu ba," in ji Sista, muryarta a kwance. "Duk abin da kika koya min na karɓa, kuma na gode. Amma matar nan in ta faɗi tata, shi ke nan ta ci, shi kuma sai ya juya ya fita. Ta yi ta cin sa shekara da shekaru, me ta samu? Na sha wahala kafin in shigo da shi ɗakin nan. Ba zan ba shi ƙofa da hannuna ba."

Malama ta dubi makar da ke hannunta, ta dubi allo inda ta riga ta rubuta kalmar darasin. Tana da hujjoji, amma ta bar su.

"To mai karatu fa, Mama?" ta ce a hankali.

"Mai karatu ya yi haƙuri. Shi bai rasa kowa ba."

Aka ci gaba da darasi. Sista ta saurara, ta rubuta abin da aka ce a kan ƙarshen labari, ta ja layi a ƙarƙashi yadda ta saba, don wata rana zai yi amfani a labarin wasu. Da aka tashi, mai aski ya ce ta tsaya su sha shayi da sauran ɗalibai a shagon ƙasa, shi zai saya, ko ya wanke laifinsa na ranar nan.

"Wani makon," in ji Sista, tana cusa littafi a jaka. "Sauri nake."

"Ina za ki haka? Wa ke jiran ki?"

Sista ta rataya jakarta. Ta kama ƙarfen matakala ta sauka da saurin da gwiwarta ta daɗe ba ta yarda da shi ba. Ta baro mutum a ƙofar kicin da magana a baki, zai gaya mata asalin yadda aka yi, kuma ta san ƙarya zai shirga mata. Tana so ta je ta ji wace iri ce.